Jim Thorpe: Gwarzon da wasa a ƙaramin gari ya janyo masa asarar zinaren Olamfik

A lokacin zafi na shekarar 1909, wani saurayi ɗan shekara 22 ya isa garin Rocky Mount da ke gabashin jihar Carolina ta Arewa a Amurka, yana neman abin da zai riƙe kansa da shi. Ba shi da uwa, ba shi da uba, kuma ya baro makaranta. Abin da yake da shi kawai ƙarfin jiki ne da iya wasa.

Rocky Mount a wancan zamani ƙaramin gari ne da mutanensa ba su kai dubu goma ba. Rayuwarsa ta dogara ne kan abubuwa uku: kasuwar ganyen taba, masaƙar auduga da ke bakin kogin Tar, da kuma babban wurin gyaran jiragen ƙasa na kamfanin Atlantic Coast Line. Saboda haka da garin ya samu ƙungiyar wasan besbol a shekarar, sai aka raɗa mata suna Railroaders, wato 'yan reluwe.

Saurayin ya sa hannu ya shiga ƙungiyar da sunansa na gaskiya, Jim Thorpe. Wannan sa hannu shi ne ya bi shi har kabari, ya kuma ci gaba da bin sunansa kusan shekara 70 bayan mutuwarsa.

Wane wasa ne wannan?

Besbol ba wasa ne da aka saba da shi a nan ba, don haka ga shi a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ne, kowacce da mutum tara a fili. Ɗaya yana jefo ƙwallo da ƙarfi, ɗan ɗaya ɓangaren kuma yana ƙoƙarin dukanta da sanda. Idan ya dake ta, sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a kamo ƙwallon a tare shi. Duk wanda ya kammala zagayen ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

A farkon ƙarni na 20 babu wasan da Amurkawa ke so kamarsa. Manyan birane suna da manyan ƙungiyoyi, ƙananan garuruwa kuma suna da nasu a ƙananan rukunoni, waɗanda aka jera daga A zuwa D. Ƙungiyar Rocky Mount tana rukunin D ne, na can ƙasa, a wata gasa mai suna Eastern Carolina League, inda take karawa da garuruwa irin su Wilson da Goldsboro da Wilmington da Raleigh da Fayetteville. Albashin ba abin a zo a gani ba ne. Masana tarihi kan ambaci kimanin dala 2 a kowane wasa a matsayin abin da Thorpe yake samu a wasu lokuta.

Ɗaliban jami'a da yawa suna zuwa irin waɗannan garuruwa a lokacin hutu su yi wasa su samu na kashewa. Sai dai sun san dokar da ta ce duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi don wasa ba zai ƙara shiga gasar makarantu ko ta Olamfik ba, don haka sukan ari sunan ƙarya. Thorpe bai yi hakan ba. Sunansa yana fitowa ɓaro-ɓaro a jaridun yankin duk bayan wasa, a matsayin mai jifa, wani lokaci kuma mai tsaron tashar farko.

Yaron da ya ƙi zaman makaranta

An haife shi a watan Mayun 1887 kusa da garin Prague, a yankin da daga baya ya zama jihar Oklahoma. Ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin nahiyar da Turawa suka iske. Su ne waɗanda masu kallon fina-finan kaboyi a nan gida suka sani da Indiyawan daji, sunan da fim ɗin ya koya mana, wanda kuma bai dace da mutanen da ke da garuruwansu da shugabanninsu da harsunansu ba tun kafin zuwan baƙi.

Mahaifinsa Hiram Thorpe yana da jinin Ireland ta wajen uba. Mahaifiyarsa Charlotte Vieux kuma 'yar ƙabilar Potawatomi ce mai jinin Faransa. An yi masa baftisma a cocin Katolika, amma a gida an sa masa suna Wa-Tho-Huk, ma'ana hanya mai haske.

Tagwaye ne shi da ɗan'uwansa Charlie. Suna shekara tara ciwon huhu ya kashe Charlie, kuma daga nan Jim ya ƙi jinin makarantar kwana da aka sa su. Ya sha guduwa ya koma gida da ƙafa, mahaifinsa ya mayar da shi. Da abin ya ishi Hiram, sai ya tura shi nesa, makarantar Haskell da ke jihar Kansas. Bayan 'yan shekaru mahaifiyarsa ta rasu sakamakon haihuwa. A 1904, yana ɗan shekara 16, aka kai shi makarantar Carlisle a jihar Pennsylvania, kuma cikin shekarar mahaifinsa ya rasu bayan wani rauni da ya samu a wajen farauta ya ruɓe.

Ya kamata a san wace irin makaranta ce Carlisle. Wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya kafa ta a 1879 da kuɗin gwamnati, kuma manufarta a fili take: a raba yaran 'yan asali da al'adarsu. Ana aske musu gashi, a sa musu kaki, a hana su magana da harshen uwa, a kuma tura su aikin gona da aikatau a gidajen Turawa da sunan horo. Har yau akwai maƙabarta a harabar wurin mai ɗauke da kaburburan yara da yawa da ba su koma gida ba.

Abin da ya sa sunan makarantar ya shiga ko'ina shi ne ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wasan da ya fi kama da zari-ruga fiye da tamaular da muka sani. Kocinta Glenn Warner, wanda ake kira Pop, yana kai yaran su kara da manyan jami'o'in masu kuɗi, kuma ana samun kuɗin shiga sosai daga 'yan kallo.

Labarin yadda aka gano Thorpe sananne ne. A 1907 yana wucewa ta filin wasa cikin kayan aiki, ya tarar ana gwajin tsallen sama. Ya nemi a bar shi ya gwada, ya tsallake sandar da aka ɗora a tsayin ƙafa 5 da inci 9, abin da ya gagari 'yan wasan makarantar. Warner ya ɗauke shi a ƙungiyar guje-guje, daga baya ya sa shi a ta ƙwallo, kodayake da farko yana tsoron kada a karya masa shi.

Bayan kakar 1908 sunansa ya fara fitowa a jaridun ƙasa. A daidai wannan lokaci ne ya bar makarantar ya nufi Carolina. Ya yi kakar 1909 a Rocky Mount, ya dawo a 1910, kafin ƙarshen kakar kuma ya koma ƙungiyar Fayetteville. Gasar kanta ta rushe bayan wannan shekarar. Thorpe ya koma Oklahoma babu aiki tsayayye.

Stockholm

Warner ne ya jawo shi ya koma Carlisle a 1911. A watan Nuwamban shekarar suka je gidan jami'ar Harvard, wadda take cikin gagarau a lokacin, suka doke ta da ci 18 da 15. Thorpe, da ɗaurarriyar ƙafa, ya buga ƙwallo huɗu ta tsakanin sanduna a wasan.

Shekara ta zagayo, aka zaɓe shi cikin tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta 1912 a birnin Stockholm na ƙasar Sweden. Sun tafi ne a jirgin ruwa mai suna Finland.

Gasa biyu ya shiga da suka fi kowacce wahala, domin ba abu ɗaya ake nema mutum ya iya ba. Ta farko mai wasanni biyar ce, ana kiranta pentathlon: dogon tsalle, jifan mashi, gudun mita 200, jifan faifai da gudun mita 1,500. A ranar 7 ga Yuli Thorpe ya zo na ɗaya a huɗu daga cikinsu. A jifan mashi ne kaɗai ya zo na uku, wasan da bai daɗe da fara koya ba.

Ta biyu mai wasanni goma ce, decathlon, wadda aka yi cikin kwana uku, daga 13 zuwa 15 ga Yuli. A tsakiyar gasar takalman wasansa suka ɓace. Aka samo masa wasu guda biyu da ba su dace da juna ba, ɗaya ma ya yi masa yawa sai da ya ƙara safa. Akwai hotonsa sanye da su, kuma ana yawan yaɗa shi a shafukan sada zumunta har yanzu. Da waɗannan takalma ya ci gaba. Ya kammala da maki 8,412 bisa lissafin lokacin, ya bai wa na biyu, Hugo Wieslander ɗan Sweden, ratar maki kusan 700. A tsakanin gasannin biyu kuma ya shiga tsallen sama na kowa da kowa, inda ya zo na huɗu, da dogon tsalle, inda ya zo na bakwai.

Sarkin Sweden Gustav na Biyar ne ya miƙa masa lambobin zinare biyu, tare da kyautuka biyu na musamman, ɗaya daga sarkin, ɗaya daga sarkin Rasha Nicholas na Biyu. Labarin da ya shahara shi ne sarkin ya shaida masa a wurin cewa babu ɗan wasa kamarsa a duniya. Da ya koma gida aka yi masa jerin gwano a titin Broadway na birnin New York.

Abin lura shi ne, a shekarar da ya ɗaga tutar Amurka a Turai, dubban 'yan asalin ƙasar ba a ɗauke su a matsayin 'yan ƙasa ba. Sai a 1924 majalisa ta yi dokar da ta ba su wannan matsayi baki ɗaya.

A watan Nuwamban 1912 Carlisle ta je makarantar horon hafsoshin soja ta West Point ta doke ta da ci 27 da 6. Jikokin waɗanda sojojin Amurka suka yaƙa ne suka lallasa hafsoshin gobe a filinsu. Cikin waɗanda suka sha kashi a ranar akwai wani matashi, Dwight Eisenhower, wanda ya zama shugaban ƙasa shekara 40 bayan haka.

Labarin da ya fasa ƙwai

A watan Janairun 1913, jaridar Worcester Telegram ta jihar Massachusetts ta buga cewa gwarzon Olamfik ya taɓa wasan besbol na kuɗi a Carolina ta Arewa. Wani manaja da ya san shi a gasar ne ya faɗa wa ɗan jarida. Sauran jaridu suka ɗauka, cikin kwanaki labarin ya cika ƙasa.

A gaskiya ba wani sirri aka tono ba. Dubban mutane sun kalle shi a Rocky Mount da Fayetteville, sunansa kuma yana rubuce a jaridu. Masu bincike da dama, ciki har da marubucin tarihinsa David Maraniss, sun nuna cewa da wuya a ce Warner da shugabannin makarantar ba su san inda ɗalibinsu ya shafe kaka biyu ba. Amma da ƙura ta tashi, kowa ya zame ya ce bai sani ba.

Thorpe ya sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga James Sullivan, sakataren hukumar wasannin sha'awa ta Amurka, AAU. A ciki ya amsa cewa ya yi wasan, ya ce shi ɗan makaranta ne da bai san laifi ba ne, domin ya ga ɗaliban jami'a suna yin haka, sai dai su ba da sunansu suke yi ba. Masana da yawa suna ganin Warner ne ya tsara wasiƙar, kuma an rubuta ta ne yadda za ta wanke kocin da makarantar, ta bar yaron shi kaɗai da laifi.

AAU ba ta ɓata lokaci ba. Ta soke matsayinsa, aka tattara lambobin da kyautukan aka mayar Turai. Cikin shekarar kwamitin Olamfik na duniya, IOC, ya goge sunansa daga jerin waɗanda suka yi nasara, ya ba Wieslander zinaren wasanni goma, ya ba Ferdinand Bie ɗan Norway na wasanni biyar.

Akwai abubuwa biyu da suka sa hukuncin bai zauna ba. Na farko, dokokin gasar 1912 da kansu sun ce duk mai ƙorafi kan cancantar ɗan wasa ya shigar cikin kwana 30 da rufe gasa. Wannan labari ya fito ne bayan kusan wata shida. Na biyu, kuɗin da ya karɓa na besbol ne, wasan da ba shi da alaƙa da tsalle ko jifa ko gudun da ya ci lambobin a kansu.

Ita kanta dokar hana karɓar kuɗi tana da asali da ya kamata a duba. Ta samo tushe ne daga Ingila ta ƙarni na 19, inda 'ya'yan masu hali suke wasa don nishaɗi, ba sa kuma son gogayya da lebura ko ɗan dako da zai iya kayar da su. Wanda mahaifinsa ke da gona da bankin ajiya zai iya atisaye shekara guda babu albashi. Maraya daga Oklahoma ba zai iya ba. A Stockholm ɗin nan akwai hafsoshin soja da gwamnatocinsu ke biyansu albashi suna koyon harbi da sukuwa da wasan takobi, suka kuma shiga gasa a kan waɗannan abubuwa, cikinsu har da George Patton na Amurka wanda ya zo na biyar a tasa gasar. Babu wanda ya tambaye su komai. A ganina dala biyun Rocky Mount ba ita ce matsalar ba, wanda ya karɓe ta ne ba shi da mai tsaya masa.

Mai karatu zai fi gane nisan abin idan ya tuna Atlanta 1996. Tawagar Najeriya da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa, su Nwankwo Kanu da Jay-Jay Okocha da Daniel Amokachi da Tijani Babangida, 'yan wasa ne masu ɗaukar albashi a ƙungiyoyin Turai. Da ma'aunin da aka yi wa Thorpe aka yi amfani, babu ɗayansu da zai shiga fili.

Rayuwa bayan zinare

Abin da ya rufe masa ƙofa ɗaya ya buɗe masa wata. Tunda an ce shi ɗan wasan kuɗi ne, manyan ƙungiyoyin besbol suka yi ta rububinsa, ya zaɓi New York Giants ta manaja John McGraw. A ƙarshen 1913 ya auri Iva Miller, wadda suka haɗu a Carlisle, kuma amarcinsu ya zo daidai da rangadin duniya da Giants da Chicago White Sox suka yi. Sun bi ta Japan da Australiya da Masar da Italiya da Faransa. A Landan sun yi wasa a Stamford Bridge, filin Chelsea, a watan Fabrairun 1914, Sarki George na Biyar yana cikin 'yan kallo.

Besbol dai bai karɓe shi kamar sauran wasanni ba. Ba su jitu da McGraw ba, ya sha zaman benci. Ya yi wasa 289 a babban rukuni tsakanin 1913 da 1919, a Giants da Cincinnati Reds da Boston Braves, kuma kakarsa ta ƙarshe ce ta fi kyau.

A ƙwallon ƙafar Amurka ne ya ci gaba da zama sarki. A 1915 ƙungiyar Canton Bulldogs ta jihar Ohio ta ɗauke shi kan dala 250 a kowane wasa, kuɗi mai yawa a lokacin, kuma ya kai ta ga kambu a 1916 da 1917 da 1919. A watan Satumban 1920 masu ƙungiyoyi suka haɗu a wani shagon sayar da motoci a Canton suka kafa gasa ta ƙasa, suka naɗa Thorpe shugabanta na farko saboda sunansa zai jawo 'yan kallo. Shekara ɗaya ya yi a kujerar. Wannan gasa ce a 1922 ta koma NFL, wadda a yau take cikin gasannin da suka fi kuɗi a duniya.

Wani babi mai ban dariya da ban tausayi shi ne na Oorang Indians. Wani mai kiwon karnuka a ƙauyen LaRue na Ohio, Walter Lingo, ya kafa ƙungiya ta 'yan asali zalla a 1922 don tallata karnukansa, ya sa Thorpe ya jagorance ta. A hutun rabin lokaci 'yan wasan sukan sa kayan gargajiya su yi rawa, su nuna dabarun karnuka. Wasa huɗu kacal suka ci a kaka biyu. Thorpe ya buga wasansa na ƙarshe a 1928, yana da shekara 41.

Daga nan rayuwa ta yi masa tsanani. Ɗansa na fari ya rasu yana ƙarami, abin da makusantansa suka ce bai taɓa warkewa daga gare shi ba. Giya ta kama shi. Aurensa na farko ya mutu, na biyu da Freeda Kirkpatrick ma haka, kuma yana da 'ya'ya takwas tsakanin matan biyu. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, sai ga gwarzon Stockholm yana haƙa rami da shebur a Los Angeles. Ya yi gadi, ya yi tsaron ƙofar mashaya, ya fito a fina-finan Hollywood da dama a ƙananan matsayi, yawanci a matsayin sarkin ƙabila da kaboyi za su kashe. A can ya tsaya tsayin daka kan a riƙa bai wa 'yan asali na gaskiya waɗannan matsayi, a kuma biya su daidai da Turawa.

Da gasar Olamfik ta zo Los Angeles a 1932, ba shi da kuɗin tikiti. Mataimakin shugaban ƙasa Charles Curtis, wanda shi ma yana da jinin ƙabilar Kaw, shi ya gayyace shi ya zauna kusa da shi.

A 1950 kamfanin dillancin labarai na AP ya tambayi marubuta wasanni na ƙasar wane ne ɗan wasa mafi girma a rabin farko na ƙarnin. Suka zaɓi Thorpe da rata mai yawa, a gaban Babe Ruth da Jack Dempsey. A 1951 aka yi fim kan rayuwarsa, Burt Lancaster ya fito a matsayinsa. A daidai wannan lokaci aka kwantar da shi a wani asibiti a Philadelphia don cire masa ciwon daji a leɓe, a jerin marasa galihu da ba su iya biya.

Ya rasu ranar 28 ga Maris, 1953, sakamakon ciwon zuciya, a gidan tirela da yake zaune a garin Lomita na jihar California. Yana da shekara 65.

Gawar da ta zama suna ga wani gari

Ko gawarsa ba ta huta ba. An kai ta Oklahoma, danginsa suka fara bikin bankwana irin na Sac da Fox. Ana cikin yi, matarsa ta uku Patricia ta zo da motar gawa da 'yan sanda ta ɗauke akwatin. Ta fusata ne saboda gwamnan jihar ya ƙi amincewa da kuɗin da aka ware don gina masa wurin tunawa.

Ta yi ta neman garin da zai karɓe shi, har ta samu wasu garuruwa biyu maƙwabta a Pennsylvania, Mauch Chunk da East Mauch Chunk, waɗanda arzikinsu na kwal ya ƙare, suna neman abin da zai jawo masu yawon buɗe ido. Aka ƙulla yarjejeniya. A 1954 garuruwan suka haɗe suka ɗauki suna Jim Thorpe, aka gina masa kabari na jan dutse a can. Babu wata shaida da ke nuna ya taɓa taka garin yana raye.

A 2010 ɗansa Jack ya kai ƙara yana neman a mayar da gawar ƙasar kakanninsa. Kotun farko ta ba iyalin gaskiya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2014, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron shari'ar a 2015. Har yanzu yana kwance a Pennsylvania.

Batun lambobin ya fi haka jan lokaci. Babban wanda ya tare hanya shi ne Avery Brundage, shugaban IOC daga 1952 zuwa 1972, mai tsananin riƙo da dokar hana kuɗi. Brundage ɗin nan yana cikin tawagar Amurka a Stockholm, ya shiga gasannin nan biyu, Thorpe ya bar shi a baya can. Duk roƙon da aka kai masa ya yi watsi da shi.

Sai da ya sauka sannan hanya ta buɗe. Wani marubuci, Robert Wheeler, da matarsa Florence Ridlon suka bi diddigi har suka samo littafin dokokin 1912 mai ɗauke da sharaɗin kwana 30. A watan Oktoban 1982 IOC ta amince, a watan Janairun 1983 kuma shugabanta Juan Antonio Samaranch ya miƙa wa 'ya'yan Thorpe sababbin lambobi a Los Angeles, domin na asalin an sace su daga gidajen tarihi. Amma gyaran rabi ne: an rubuta shi a matsayin wanda ya yi kunnen doki da Wieslander da Bie, mutanen da ya yi wa fintinkau.

Sai ranar 15 ga Yuli, 2022, shekara 110 cif da kammala gasar wasanni goma, IOC ta ayyana shi a matsayin zakara shi kaɗai a gasannin biyu. Kwamitin Olamfik na Sweden ya tabbatar a lokacin cewa Wieslander bai taɓa ɗaukar kansa mai zinaren ba, kuma har ya mutu yana ganin na Thorpe ne. A 2024 Shugaba Joe Biden ya ba shi lambar girmamawa mafi girma ta farar hula a Amurka.

Shi kuwa garin Rocky Mount ya ci gaba da samun ƙungiyoyi suna zuwa suna rushewa, da sunaye daban-daban: Tar Heels, Red Sox, Leafs, Phillies. Lokacin da Thorpe yake wasa a can, akwai wani jariri baƙar fata a garin mai suna Buck Leonard, wanda ya girma ya yi aiki a reluwe, ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan besbol na zamaninsa, amma launin fatarsa ya hana shi shiga babban rukuni a shekarun ƙarfinsa. Shi ne ya taimaka aka dawo wa garin da ƙungiya a 1962, ya kuma zama mataimakin shugabanta.

Ƙungiya ta ƙarshe da garin ya samu a ƙananan rukunonin ita ce Rocky Mount Pines a 1980. Ta ci wasa 24, ta sha kashi a 114, ta tattara ta bar garin. Filin da Railroaders suka yi wasa babu shi yanzu. Abin da ya rage shi ne allon tarihi da gwamnatin jiha ta kafa a bakin titi, wanda ke shaida wa mai wucewa cewa a nan kusa Jim Thorpe ya fara wasan kuɗi a 1909.